Bayan Na Ce Yanke

Shafi na 14

Masu turo min saƙo cewa na shanya ku tun ranar Talata, na gani. Kai kuma da ka ce za ka daina bibiyata in ban sako yau ba, kai ma na gani, kuma ban riƙe rigarka ba. Ban amsa sharhin kowa ba a makon nan. In kun kai ƙasan shafin za ku san dalili.

Wanda yanzu ya shigo, ga ni a taƙaice. Mai hoton fasfo ne ni. Litinin zuwa Juma'a ina ce wa mutane su ɗaga haɓa su daina murmushi. Asabar da Lahadi kuma darakta ne, mai shirya gajerun finafinai da kyamara ɗaya, fitila ɗaya da rabi, da jarumi ɗaya tak, wato maƙwabcina tela. Shekara goma sha ɗaya, fim tara. 'Yata ta fari ce mai riƙe min kyamara tun tana shekara goma sha uku. Sau shida ina tura fim gasar gajerun finafinai, sau shida suna gode min bisa ƙoƙarina.

Mun tsaya inda firintar shagona ta tofo wata takarda da safiyar Asabar, mai tambarin gasar, an rubuta "Muna taya ku murna" a samanta. Kafin in kai layi na biyu na tsallaka titi na gaya wa Tela. Ya rungume ni. Sai da na dawo na sa tabarau sannan na ga sunan da ke ƙasa.

Ba nawa ba ne. Na 'yata ne.

*

Ranar masu fasfo suka cinye min Asabar ɗin, sai bayan ƙarfe uku na iya rufe shago na shiga gida. Na same ta a ɗakin tacewa, inda muke yanka fim mu haɗa. Ɗakin tacewa shi ne sunan da na raɗa wa tsohon sitonmu bayan na liƙe bangonsa da kwalayen ƙwai don kada ƙara ta shigo. Ƙara na shigowa. Iska ce dai ba ta shigowa.

Tana zaune gaban kwamfuta. Kyamara na kan mataccen firij ɗin da muke ajiye wayoyi a ciki, an soka mata caja, murfin idonta yashe a kan tebur.

"Sau nawa zan gaya miki a daina barin idon kyamara a buɗe?"

"Yi haƙuri, Baba."

Ba ta tashi ta rufe ba. Ni ma ban bi ta kai ba, don abin da ke hannuna ya fi murfi nauyi. Na ajiye takardar a gabanta.

"Mene ne wannan?"

"Takarda ce."

"Allah ya ƙara ilimi. Ni da na ɗauka tabarma ce."

"Jiya na tura ta firinta, sai ta maƙale. Na so in kawo maka da hannuna."

"Firintar ta fi ki ladabi. Ita ta fara gaishe ni."

Ta miƙe ta jawo kujerata, farar kujerar robar nan da na rubuta DARAKTA a bayanta da jan fenti. Ta ajiye ta kusa da taga.

"Zauna nan, Baba. Can akwai duhu."

Na zauna. Mutum ko zai yi faɗa, gwiwa ba ta san da wannan ba.

"Kin yi fim."

"Na yi."

"Da wace kyamara?"

"Da taka."

"Yaushe? Kyamarar nan ba ta fita ba tare da ni ba."

"Ba ta taɓa fita ba tare da kai ba."

"To wa ya fito a ciki?"

Ta dubi ƙasa. Ta dubi kwalayen ƙwai. Sannan ta dube ni.

"Kai."

*

A nan dole in tuna muku da dokar maɓalli, don ita ce igiyar da na tufka da hannuna.

Shekara huɗu da suka wuce maɓallin ɗaukar kyamarar ya fara gardama. Sai ka danna sau biyar kafin ya amsa. Mai gyara ya duba ya ce ba a samun irinsa kuma, in lallaɓa shi, dannawar da ta rage masa ba ta da yawa. Sai na kafa doka. In an kunna da safe ba a kashewa, sai memori ya cika ko batir ya mutu. In na ce "Yanke", 'yan wasa ne ke tsayawa, kyamara tana ci gaba da aikinta. Har baƙin salatif na manna a kan jar fitilarta, saboda Tela ba ya iya mutuwa in yana ganin jan abu na kallonsa.

Kuma e, "Yanke" nake cewa. Kowa a wannan harka "kot" yake cewa, ni na ce ba zan ari bakin wani in tsayar da fim ɗina ba. Irin girman kan da ke samun mutumin da mutum goma sha tara ke kallon aikinsa.

Da yamma ita ke zama ta tsince abin da muka ɗauka da gangan, ta goge sauran. Sauran nan ƙaiƙayi nake ce masa.

"Na ce ki riƙa zubar da ƙaiƙayin."

"Na zubar daga memorinka."

"Kika zuba a ina?"

Ta buɗe durowa. Fulas-fulas na ajiye bidiyo ne a jere cikin gwangwanin madara, kowanne da kwanan wata a jikinsa.

"Shekara huɗu," na ce.

"Da wata biyu."

"To ni me ake so da ni yanzu? In yi tafi?"

Ta juya takardar. Ashe akwai rubutu a baya. Takardar amincewa ce. Duk wanda fuskarsa ta fito a fim sai ya sa hannu cewa ya yarda a nuna shi. Layi uku ne. Biyu an cike, ɗaya na jira.

"In ba ka sa hannu ba, ba za su nuna ba. Ƙarfe huɗu na yau za su rufe karɓa. Hoto kawai zan ɗauka in tura."

Na duba agogo. Uku da minti goma sha biyu.

Na duba layi na farko. Na san wannan hannun, shi ke rubuta awon wuyana a bangon shagonsa.

"Tela ya sa hannu?"

"Tun shekaranjiya, a kan waya. Wannan kwafin ne ya fito."

"Tun shekaranjiya. Yau da safe na je na ce masa fim ɗina ya shiga gasa. Ya rungume ni. Har idonsa ya kawo ruwa."

Na sake duban sa hannun nasa.

"Shekara goma sha ɗaya ina neman wasa irin wannan a fuskar mutumin nan. Ashe yana da shi, ni ne bai ga dama ya ba ni ba."

Layi na biyu ta rufe shi da tafin hannunta.

"Ka fara kallo tukuna. Minti goma sha huɗu ne."

"Nawa ba ya wuce tara."

"Na sani. Ni nake tace su."

Ta danna.

*

Abin da ya fara fitowa hannu ne. Hannuna, a ɗage sama, yatsu a ware.

Duk wanda ya taɓa ɗaukar sauti a unguwa ya san wannan hannun. Ana shirin ɗauka sai injin niƙa ya tashi, ko babur, ko wata ta fara kiran ɗanta daga bayan katanga. Sai in ɗaga hannu, kowa ya yi shiru, mu jira. To ita ta tattaro hannayen nan na shekara huɗu ta jera su, ɗaya bayan ɗaya. Riguna na canzawa, furfura na ƙaruwa, tumbi na fitowa, hannu na nan a sama. Babu kiɗa. Injin niƙa kawai.

"Guda nawa ne?"

"Arba'in da ɗaya."

"Kamar mai neman izinin fita bayan gida a aji."

"Alƙalan gasar sun ce nan ne ya fara kama su."

"Madalla da alƙalai."

Sai ga ni a kan tsani, riƙe da bokitin da na huda da ƙusa, ina yi wa Tela ruwan sama. A fim ɗina na bakwai wannan wurin shi ne inda mutum ke kukan rasuwar matarsa. Na sha gaya wa mutane cewa ban taɓa ɗaukar abin da ya kai shi ba. A nata fim ɗin, muryata ta ce "Yanke", Tela ya share fuska, ya shinshina hannun rigarsa.

"Darakta, wannan ruwan wanke-wanke ne?"

"Famfo bai kawo ba. A kyamara duk ɗaya ne."

"A hancina ba ɗaya ba ne."

Sai ga ni kwance a ƙasa ina koya masa mutuwa. Na mutu sau huɗu. Na farko na riƙe ƙirji, na biyu na miƙa hannu sama, na uku na yi wata irin shaƙuwa da ban san ina da ita ba. Tela na tsaye a kaina yana duba agogo.

"Darakta, ka zaɓi ɗaya ka mutu, ɗinki na jirana."

Na ji wani abu ya taso min a maƙogwaro. Da na bincika sai na tarar dariya ce. Na haɗiye ta. Ba zan yi wa kaina dariya a gaban wadda ta sayar da ni ba.

"Wato abin dariya kika mai da ni."

"Ba a gama ba."

"Mutane za su zauna a zaure mai sanyi, su ga ubanki na birgima a ƙasa."

"Za su ga mutumin da bai daina ba."

"Wannan maganar alƙalai ce. Ban haife ki da ita ba."

Ta nuna allo da haɓa.

Baro ne. Mu ba mu da layin dogon da manya ke ɗora kyamara a kai, don haka in ana son hoto mai tafiya, sai ta shiga baro da kyamara a hannu, ni in tura. A allon, hoton na tafiya sumul, Tela na takawa a gaba. Na ce "Yanke". Daidai nan tayar ta ci karo da dutse.

Sama ta juye. Ƙasa ta zo. Aka ji ƙarar ƙarfe, aka ji wani ɗan sauti kamar an taka kyanwa. Hoton ya tsaya a karkace, ba a ganin komai sai takalmina yana gudu yana zuwa.

Sai muryata.

"Kyamarar. Kyamarar lafiya?"

Hannuna ya ɗauke ta, fuskata ta cika allo, ina hura idon, ina gogewa da gefen riga.

"Ba ta fashe ba ko? Duba min, tana ɗauka?"

Daga can gefe, wata ƙaramar murya ta ce, "Tana ɗauka, Baba."

Ta tsayar da fim ɗin a nan da kanta.

Ta naɗe hannun rigarta. Tabon na nan a gwiwar hannu, dogo, fari-fari. Na san da shi. Na ɗauka a makaranta ta samo shi.

"Sau uku ka tambayi kyamara," ta ce. "Na ƙirga lokacin da nake tacewa. Na yi ta komawa baya ko akwai inda ka tambaye ni, wataƙila injin niƙa ya danne. Babu."

"Ai da kin yi magana."

"Ka ɗaga hannu."

Na duba agogo don in sami abin dubawa. Uku da rabi ta gota.

"Cire wannan wurin," na ce.

"A'a."

"Ni ne ubanki."

"Shi ya sa wurin ke aiki."

"To ba zan sa hannu ba."

"Ba komai. Sai in koma baro."

Ba da tsiwa ta faɗa ba. Da ta yi tsiwa da na ji daɗi, da na sami abin kamawa. Ta faɗa ne kamar mai gaya maka farashin mota.

"Ke kin san sau nawa na tura wa mutanen nan fim?"

"Shida. Ni nake cike fom ɗin."

"Na rubuta labari, na zana kowace fitowa a takarda, na hau tsani, na faɗo daga tsani. Suka ce sun gode. Ke kin kwashe sharar da na ce a zubar, suka ce suna murna."

"Ba laifina ba ne, Baba."

"Ban ce laifinki ba ne. Cewa na yi ki bar ni in ji haushi a zaune, tunda kin ba ni kujera."

Na nuna bango, inda na manna wata takarda tun shekara biyar da suka wuce, har ta yi ja.

"Ni dai ina da masu kallona. Ba su da yawa, amma na gaskiya ne. Ba su taɓa neman in yi birgima ba."

Masu bibiyata tun shafukan farko kun san su. Mutum uku ne da ba su taɓa barin fim ɗina ya wuce ba sharhi ba: Mai Jiran Na Gaba, Ɗalibin Fim, da Baƙo Daga Nesa. Ban taɓa ganin ko ɗayansu ba. Baƙo shi ne nawa. Shi ya rubuta abin da ke bangon nan: "Malam, yadda ka sa haske ya faɗo a bayan mutumin nan, ka nuna mana kaɗaici ba tare da ka ambace shi ba." Ranar da na ji kamar in sayar da kyamara, wannan takardar nake karantawa.

'Yata ba ta dubi bangon ba.

"Saura minti uku a fim ɗin," ta ce. "Ba kai ne a ciki ba."

Ta ɗage hannunta daga layi na biyu.

Sa hannun matata ne.

*

Tsakar gidanmu ce a allon. Kujerata ba kowa. Na tuna ranar, waya ce ta ƙone na fita neman wata. Kyamara na kan ƙafafunta, tana bin doka.

Matata ta shigo da kwano a rufe, ta ajiye, ta dubi hagu da dama, ta zauna a kujerar darakta. A iya sanina ba ta taɓa zama a cikinta ba. Ta ciro waya daga cikin zaninta.

"Ke, zo nan kafin ya dawo. Wannan abin da yake ta faɗa jiya, hasken baya ne ko hasken gefe?"

Muryar 'yata daga bayan kyamara: "Hasken baya."

"To. Baƙo ne zai rubuta yau, shi ne mai ilimin. Mai Jira ya rubuta jiya. Ɗalibi sai gobe, kada su zo a tare ya gane."

"Mama, har yaushe za ki yi ta yin wannan?"

"Har ya gaji."

"In bai gaji ba fa?"

"To sai in mutu a kai. Ya ake rubuta kaɗaici, da ƙugiya ko babu?"

Allon ya yi baƙi.

Na tsura wa baƙin ido. A cikinsa na ga wani mutum mai furfura zaune kusa da taga, bakinsa a ɗan buɗe. Da a shagona ne da na ce masa ya rufe baki ya ɗaga haɓa.

"Da ƙugiya ne," in ji wata murya daga bakin ƙofa. "Na koya daga baya."

Tana tsaye, hannunta da kumfar sabulu. Ban san tun yaushe take wurin ba.

"Maman yara."

"Na'am."

"Ke ce Baƙo Daga Nesa."

"Daga kicin dai."

"Da Mai Jira. Da Ɗalibi."

"Duka."

"Akwai lokacin da Ɗalibi da Mai Jira suka yi faɗa a ƙarƙashin fim ɗina na shida. Kwana biyu suna musu."

"Wayata ta sha wahala a makon nan."

"Ni na shiga na raba su."

"Ka kyauta. Sun ji maganarka."

Ta shigo ta goge hannu a zani, ta jingina da tebur. Ba alamar kunya a fuskarta. Fuskar mai jiran a gama a ba ta wuri ta yi shara ce.

"Me ya sa?"

"Ka manta fim ɗinka na uku? Sati biyu da sakawa ba wanda ya ce uffan. Ka daina cin abinci. Kana tashi ka duba waya, ka ajiye, ka sake dubawa. Yaran nan suka koma tafiya da sanɗa a gidan ubansu. Na ce wannan mutumin kalma ɗaya yake nema, kuma kalma ba tsada. Sai na buɗe shafi na rubuta, 'Muna jiran na gaba.' Ranar ka ci kwano biyu."

"Sauran biyun fa?"

"Ka fara cewa mutum ɗaya ne kawai. Sai na haifo masa 'yan'uwa."

"Shekara takwas kina yi min ƙarya."

"Shekara takwas ina kallon finafinanka. Kowanne sau uku, don kowa ya sami abin faɗa. Nuna min wanda ya yi maka haka a cikin masu gaskiyar."

Na buɗe baki, sai wani abu ya faɗo min a rai, ya sa na rufe.

Ni da Baƙo ba a sharhi kawai muka tsaya ba. Muna hira ta saƙo. Mutum in ya sami wanda ya fahimce shi a nesa, yakan saki baki.

Ta ga abin a fuskata.

"E," ta ce. "Har wannan."

"Wanne?" in ji 'yata.

"Ba naki ba ne," na ce.

"Bar ta ta ji, ai ta girma. Ubanki ya rubuta wa Baƙo cewa a gidansa ba wanda ya san darajar abin da yake yi. Ya ce matarsa mutuniyar kirki ce, amma in ka nuna mata fim kamar ka nuna wa bango ne. Ina zaune a gefensa a kan gado lokacin da ya tura. Wayata ta yi ƙara a ƙarƙashin filo, na ce masa ƙanwata ce."

Ɗakin ya yi tsit. Karo na farko da kwalayen ƙwai suka yi aikinsu.

"Ka tuna amsar da Baƙo ya ba ka?"

Na tuna. Har na so in manna ta a bango ita ma.

"Ya ce in yi haƙuri da ke."

"To ka yi?"

Na dubi bango.

"Ni na sa hannu," ta ce, "don yarinyar nan ta fita daga baro. Ta nuna min wurin da na fito, na ce ta bar shi. In duniya za ta yi dariya, ta yi mana tare. Kai kuma ka ga dama ka sa, ka ga dama ka bari. Amma Baƙo ya yi tafiya, ba zai dawo ba. Na gaji da haddace sunayen haske."

'Yata ta turo biro gabana. Uku da minti arba'in da tara.

Na ɗauka. Na dubi layin nan na uku. Mutum ya shekara goma sha ɗaya yana jiran ya ga sunansa a takardar gasar nan, ga shi an ba shi wuri, har da layi a ja masa.

Na ɗaga kai don in nemi abin da zan kalla wanda ba fuskar ɗayansu ba. Idona ya sauka a kan firij.

Caja a soke.

Murfi a kan tebur.

Baƙin salatif a inda na manna shi da hannuna.

Na bi inda idon kyamarar ke kallo. Ya wuce tebur, ya wuce kafaɗar matata, ya tsaya a kan farar kujera kusa da taga, inda haske ke faɗowa ta bayan mutum. Sandar labulen da muke ɗaura makirifo a kanta tana jingine da bango, kanta ya sunkuyo daidai saman kaina.

Zauna nan, Baba. Can akwai duhu.

"Tun yaushe?" na ce.

Ba ta yi kamar ba ta gane ba. Wannan kam na yaba mata.

"Tun da na ji ka buɗe ƙofar gida."

"Me ya sa?"

"Sun ce fim ɗin ya yi, amma ba shi da ƙarshe. Sun ce suna so su ga ranar da ka sani. Sun ba ni sati biyu in ƙara, in dai takardar ta iso yau."

Matata ta juya a hankali ta dubi firij ɗin. Sannan ta dubi 'yarta.

"Har da abin da na faɗa yanzu?"

"Mama..."

"Har da maganar bango? Har da filo?"

"Zan nuna miki kafin in..."

"Wancan na yarda. Wannan ban yarda ba. Wannan tsakanina da ubanki ne, shekara biyar ina riƙe da shi ban gaya wa ko ƙanwata ba."

Na ce, "Yanke."

Ba wanda ya motsa.

"Na ce yanke."

"Baba," in ji 'yata, "kai ka kafa dokar."

Matata ta miƙo hannu ta zare takardar daga ƙarƙashin birona. Ta kama ta da hannu biyu, ta sama, yatsunta daf da juna a tsakiya. Gefen takardar ya fara buɗewa, ɗan kaɗan, kamar tsawon farce.

'Yata ta miƙe tsaye. "Mama, don Allah. Saura minti takwas."

Nan ne ya kamata uba ya yi magana. Ko ya ce a yaga, ko ya ce a bari. Na buɗe baki da niyyar in zama uba, wallahi da wannan niyyar na buɗe shi.

Abin da na ji ya fito shi ne:

"Maman yara, in yagawa za ki yi, matso kusa da taga. Nan inda kike fuskarki ba ta fita."